Wai su wane ne "sitiwad" da ake ta tsine wa a tseren mota?

Tun da gasar Formula 1 ta shigo hirar masu bibiyar wasanni, da wuya a tashi daga tseren Lahadi ba a ja kalmar nan a ƙasa ba: steward, ko sitiwad yadda harshenmu ya fi iya juya ta. An ci tarar direba, a ce sitiwad ne. An dakatar da tsere saboda ruwan sama, sitiwad ne. Kyamara ta hasko wani bawan Allah cikin tufafi ruwan goro yana kaɗa tuta a bakin titi, mai sharhi ya ce ga sitiwad can yana aiki. Kwanaki har na ji wani yana tada jijiyar wuya wai sitiwad ne suka fito da motar kariya, wadda ke shiga gaban motocin tsere ta rage musu gudu idan an yi haɗari, don su taimaki wani direba. Mutane iri uku ne aka cusa a riga ɗaya, abin kuma yana sosa mini rai, domin wanda ake zagin sau da yawa ba shi ya yi aikin ba.

Mai tuta a bakin titi sunansa mashal. Shi ke kashe wuta, ya kwashe tarkacen mota, ya kaɗa tuta mai ruwan ɗorawa idan akwai haɗari a gaba. Ba ya hukunta kowa. Sai daraktan tsere, wanda ke zaune gaban allunan talabijin yana tafiyar da komai: shi ke da iko kan motar kariya da jar tuta, da tsayar da tsere da ci gaba da shi. Charlie Whiting ya riƙe wannan kujera daga 1997 har ya rasu a Melbourne a watan Maris na 2019, ana saura kwana uku a yi tseren farko na shekarar. Duk da girman kujerar, darakta ba ya ƙara wa direba ko sakan ɗaya na tara. Idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba, miƙawa yake yi gaba.

Waɗanda ake miƙa wa su ne sitiwad. Masu fassara kan ce musu alƙalan wasa, ni kuwa ban cika son fassarar ba, don tana kawo wa mutum hoton mai usur yana bin 'yan ƙwallo da gudu. Waɗannan sun fi kama da kotu. Ɗaki suke shiga su rufe ƙofa, a kawo musu ƙara, su duba hotuna daga kusurwoyi da dama, su saurari abin da direba ya faɗa a rediyo, su karanta bayanan da motar ta naɗa na lokacin da ya taka birki da lokacin da ya ba ta wuta da yadda ya murza sitiyari. Idan an tashi tsere suna iya aika masa sammaci ya zo da wakilin ƙungiyarsa ya kare kansa. Daga nan su rubuta hukunci da dalilansa, kowa ya sa hannu.

Asalin kalmar ma ba daga shari'a ya fito ba. A tsohon Turanci stigweard ake cewa, wato mai kula da gida ko zaure, irin wanda a fada za mu kira sarkin gida, mai riƙe wa ubangida makullai da lissafi. A ƙarni na 12 Sarki Dauda na Ɗaya na Sikotilan ya naɗa wani Walter FitzAlan wannan muƙami, muƙamin ya zama gado, gadon ya zama sunan zuri'a, Stewart. A 1371 wani jikan gidan, Robert na Biyu, ya hau gadon sarauta, a 1603 kuma zuri'ar ta haɗa har da kambin Ingila. Bara ya gaji ubangidansa ke nan. Saboda haka Jackie Stewart, wanda ya ci kambin duniya a 1969 da 1971 da 1973, sunan muƙamin nan yake ɗauke da shi a katin shaidarsa. Kalmar ta shigo wasanni ta ƙofar sukuwar dawaki, inda manyan da ke kula da doka da sasanta rigima a filin sukuwa na Ingila ake kiran su da ita, masu mota kuma suka aro. Abin dariyar, ita ma mashal tushenta mai kula da dawaki ne, shamaki ke nan, kafin ta haura ta zama muƙamin ƙoli a soja. Faransawa kuma, da hedikwatar FIA, hukumar wasannin mota ta duniya, ke babban birninsu tun kafa ta a 1904, ba su taimaka ba: kalma ɗaya, commissaire, suke kiran mai tutar da mai hukuncin, sai dai su ƙara bayani a bayanta. Don haka ruɗanin ya girme mu, amma wannan bai zama uzuri ga mai riƙe da makirfo ba.

Inda ruɗanin ya fi yin ɓarna shi ne Abu Dhabi, 12 ga Disamba 2021. Har yau za ka ji ana cewa sitiwad ne suka ƙwace wa Lewis Hamilton kambinsa na takwas. Nicholas Latifi ya daki bango ana saura 'yan zagaye, motar kariya ta fito. Michael Masi, darakta a lokacin, shi ya ba motoci biyar kacal da aka riga aka yi wa zagaye, waɗanda ke tsakanin Hamilton da Max Verstappen, izinin wuce motar kariyar, sauran waɗanda aka yi wa zagaye aka bar su a inda suke, shi ya kuma janye motar kariyar a kan kari don a samu zagaye ɗaya na tsere. Verstappen da sabbin tayoyi ya wuce. Duk wannan aikin darakta ne. Sitiwad sun shigo ne bayan an gama, da Mercedes, ƙungiyar Hamilton, ta kai ƙorafi biyu, suka yi watsi da duka, suna kafa hujja da sashen dokar da ya ba darakta iko na ƙarshe kan motar kariya. Wanda zai zarge su, ya zarge su da cewa an kawo musu kuskure sun buga masa hatimi. Ni ma ina ganin haka suka yi. Amma ba su suka aikata ba, shi ya sa a watan Fabrairu na 2022 Masi aka cire daga kujera.

To wa ke naɗa su? A kowane tsere akan kafa kwamiti na musamman, yawanci mutum huɗu. FIA ke zaɓo mafi yawansu daga cikin masu lasisinta, ta naɗa ɗaya shugaba, sannan hukumar wasannin mota ta ƙasar da ke karɓar baƙunci ta ba da mutum ɗaya. Daga 2010, zamanin da Jean Todt ke shugabancin FIA, aka fara sa tsohon direba a ciki, don a samu wanda ya san yadda kwana take idan ka tunkare ta da gudun kilomita 300 a awa. Alain Prost ne ya fara zama wannan kujera a Bahrain. Mutane kan ɗauka shi tsohon direban shi ke yanke hukunci, alhali murya ɗaya gare shi kamar kowa. Da an tashi tsere kwamitin ya watse, mako mai zuwa wasu fuskoki ne.

Nan ne nake da magana. Waɗannan mutane 'yan sa-kai ne. Ana ɗaukar nauyin tafiyarsu da masauki da ɗan alawus, amma ba albashi, a wasan da direba ɗaya ke kwasar miliyoyin daloli a shekara. Mutum yana da sana'arsa, ya ajiye ta kwana huɗu, ya zo ya yanke hukuncin da zai iya sauya wanda zai ci kambin duniya. Wanda kuwa ba ka biya ba, da wane baki za ka hana shi neman na kansa? A watan Janairu na 2025 FIA ta sallami Johnny Herbert, ta ce aikinsa na sharhi a kafafen yaɗa labarai bai dace da zaman alƙalanci ba. Gaskiya ne bai dace ba. Amma tsarin da ya bar alƙali yana cin abinci da faɗin ra'ayinsa kan waɗanda yake yi wa shari'a shi ya kamata a fara tuhuma. Direbobi irin su George Russell sun daɗe suna kiran a ɗauki ƙwararru na dindindin a riƙa biyan su. Gasar babura ta MotoGP haka take yi, Freddie Spencer ya shugabanci kwamitinta daga 2019 zuwa 2024. Masu adawa na cewa idan na dindindin ya tsani direba, ya shiga uku duk shekara, kuma shi ma Spencer bai tsira daga ƙorafi ba. Na ji wannan. Sai dai na fi yarda da mutumin da zan iya ɗora hukuncinsa na Maris kusa da na Oktoba in tambaye shi dalilin bambanci, a kan kwamitin da ba ya sake haɗuwa.

Abin da ke hannunsu ba kaɗan ba ne. Suna iya jan kunne, su ci tarar kuɗi, su ƙara sakan 5 ko 10, su tilasta wa direba ratsa layin canjin taya a hankali, su mayar da shi baya a sahun tashi na tsere mai zuwa, ko su soke sakamakonsa baki ɗaya, kamar yadda suka yi wa Russell a Beljiyam a 2024 bayan ya zo na ɗaya, da aka auna motarsa aka ga ta gaza nauyin doka da kilo ɗaya da rabi. Suna kuma rubuta makin laifi a lasisi, wanda ya tara 12 cikin wata 12 ya zauna a gida tsere ɗaya. Kevin Magnussen ya ɗanɗana a Baku a 2024. Har abin da ya fito daga baki suna bi: Verstappen ya yi ashar a taron manema labarai a Singafo, suka yanke masa aikin al'umma, ya je ya yi shi a Kigali.

Wani abin da mutane ba su sani ba, tarar sakan da aka yanke a cikin tsere ba a ɗaukaka ƙara a kanta zuwa kotun FIA da ke Paris. Hanya ɗaya ce ta rage, ƙungiya ta nemi a sake dubawa, bisa sharaɗin ta kawo sabuwar hujja mai nauyi da ba ta hannu lokacin hukuncin. A Kanada a 2019 Sebastian Vettel ya zame kan ciyawa, ya dawo titi ya matse Hamilton wajen bango, aka ƙara masa sakan 5. Shi ya fara tsallake layi amma ya zama na biyu. Don haushi ya je ya ɗauke allon lamba ɗaya daga gaban motar Hamilton ya ajiye mata na lamba biyu. Ferrari, ƙungiyar Vettel, ta nemi a sake dubawa, aka ce ba ta kawo wani sabon abu ba. Emanuele Pirro, tsohon direban da ke kwamitin, shi ya sha mafi yawan zagin, ko da yake mutum huɗu suka sa hannu.

A Jidda kuwa, a Maris na 2023, hanyar ta yi aiki. An ci Fernando Alonso tarar sakan 5 don bai tsaya daidai a gurbinsa na tashi ba. Ya shigo canjin taya ya tsaya yana biyan tarar, dokar kuma ta ce kada a yi wa motar aiki sai sakan biyar ɗin sun cika. Makanikin baya ya jingina jak da motar, bai ɗaga ba, taɓawa kawai. Alonso ya gama na uku, ya hau dandamali ya karɓi kofi ya yi murna, sannan takarda ta fito cewa an ƙara masa sakan 10, kofin na Russell ne. Aston Martin, ƙungiyar Alonso, ta koma ɗakin sitiwad da bidiyon lokuta bakwai da jak ya taɓa motar wasu ba a hukunta su ba. Sitiwad ɗin suka duba, suka amince cewa babu wata tsayayyar yarjejeniya da ta ce taɓawa aiki ne, suka janye hukuncinsu cikin dare, 'yan kallo sun daɗe da watsewa. Karo na 100 ke nan da Alonso ya hau dandamali, kofin kuma sai daga baya aka mayar masa.