Matsayin Tattalin Arzikin 'Yan Haiti a Amurka Idan Aka Gwada su da Sauran Baƙi

'Yan Haiti mazauna Amurka al'umma ce da ta fito daga Haiti, ƙasar da ke yammacin tsibirin Hispaniola a yankin Karebiyan. A shekarar 2022 an ƙiyasta cewa haifaffun Haiti da ke zaune a Amurka sun kai kimanin 731,000, idan kuma aka haɗa da 'ya'ya da jikokin da aka haifa a can adadin ya haura miliyan ɗaya. A wannan maƙala, kalmar "baƙi" tana nufin duk wanda aka haifa a wata ƙasa ya dawo Amurka da zama, ko yana da takardu ko ba shi da su, ko da ma ya riga ya zama ɗan ƙasa.

Idan aka gwada su da sauran baƙi, abin da ke fitowa yana da ɗaure kai. 'Yan Haiti sun fi yawancin baƙi fita aiki, kuɗin da ke shiga gidajensu bai kai na sauran ba, amma kuma talauci bai fi yawa a cikinsu ba.

Yadda suka zo

Ayarin farko mai yawa ya fita ne bayan François Duvalier ya hau mulki a 1957. Waɗanda suka fara tserewa daga mulkinsa masu ilimi ne: likitoci, malamai, lauyoyi da injiniyoyi. Wasu sun nufi New York, wasu Montreal, wasu kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauke su aiki a Kongo a farkon shekarun 1960, lokacin da sabuwar ƙasar ke neman malamai masu jin Faransanci. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1965, wadda ta sauƙaƙa wa mutum ɗauko danginsa, ta buɗe hanya ga na baya.

Daga 1972 aka fara ganin wani ayari dabam, na talakawan karkara da na birni da ke ratsa teku a kwale-kwale zuwa kudancin Florida. A 1980 kaɗai kimanin 25,000 ne suka sauka, a daidai lokacin da 'yan Kuba kusan 125,000 suka iso daga tashar jiragen ruwa ta Mariel da ke Kuba. Tarbar da aka yi wa ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ce. Dokar 1966 ta ba ɗan Kuba damar neman zama na dindindin bayan shekara ɗaya, kuma yana sauka ya tarar da 'yan'uwansa masu shaguna da kamfanoni a Miami da za su ɗauke shi aiki. Ɗan Haiti kuwa an ce yunwa ce ta koro shi ba siyasa ba, aka riƙa tsare shi a sansanin Krome da ke kusa da Miami, kuma daga 1981 gwamnatin Reagan ta sa jiragen ruwa su riƙa tare kwale-kwalen a teku suna mayar da su. Masana zamantakewa Alejandro Portes da Alex Stepick, da suka bi diddigin ɓangarorin biyu a shekarun 1980, sun nuna cewa wannan bambancin tarba ya bi 'yan Haiti har kasuwar aiki.

Sai kuma tabon ƙanjamau. A farkon shekarun 1980 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa 'yan Haiti gaba ɗaya cikin jerin masu haɗarin ɗauke da cutar, ba don wata ɗabi'a ba, don ƙasar da suka fito kawai. An cire su a 1985, amma kafin nan mutane sun rasa ayyuka da gidajen haya. Da aka hana su ba da jini, dubban dubatarsu suka yi tattaki a kan gadar Brooklyn ranar 20 ga Afrilun 1990. Zalunci ne ƙarara, kuma ya faɗa musu a daidai shekarun da suke neman wurin dafawa.

Duk da haka adadinsu bai daina hawa ba: kimanin 92,000 a 1980, 225,000 a 1990, 419,000 a 2000, sannan 587,000 a 2010. Kusan rabinsu suna Florida, a Miami da gundumomin Broward da Palm Beach da kuma Orlando. Saura mafi yawa suna New York, musamman unguwar Flatbush ta Brooklyn, da Massachusetts, inda unguwar Mattapan ta Boston da garin Brockton suka yi suna.

Abin da alƙaluma suka nuna

Alƙaluman da aka fi dogara da su na Hukumar Ƙidaya ta Amurka ne, kamar yadda cibiyar nazarin ƙaura ta MPI da ke Washington ke tace su. Na shekarar 2018 sun dace da kwatance, domin an tattara su kafin annobar korona da kuma kwararar baya-bayan nan.

A waccan shekarar, kashi 71 cikin 100 na 'yan Haiti masu shekara 16 zuwa sama suna aiki ko suna neman aiki. A wajen baƙi gaba ɗaya kashi 66 ne, a wajen haifaffun Amurka kuma kashi 62. Amma matsakaicin kuɗin da ke shiga gidan ɗan Haiti a shekara, wato na gidan da zai faɗo tsakiya idan aka jera gidajen daga mai ƙarami zuwa mai babba, kusan dala 54,000 ne. Na baƙi gaba ɗaya kusan 60,000, na haifaffun ƙasar kuma ya ɗan haura 62,000. Zuwa 2022 na 'yan Haiti ya kai kimanin dala 65,000, na sauran baƙi kimanin 75,000, wato giɓin bai rufe ba.

A ma'aunin talauci kuwa kusan kunnen doki aka yi: kashi 14 na 'yan Haiti, kashi 15 na baƙi gaba ɗaya, kashi 13 na haifaffun Amurka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gidajen 'yan Haiti da yawa suna da masu kawo albashi biyu ko uku, mata suna fita aiki ƙwarai, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya tashi daga wani aiki da yamma ya kama wani da dare. Ƙananan albashi ne ake haɗawa su tsallake da gida layin talauci. Sai dai layin nan, wanda a 2018 ya kama kimanin dala 25,700 ga iyali mai mutum huɗu, ɗaya ne a duk faɗin ƙasar, bai san tsadar haya ba. Miami da New York da Boston kuwa suna cikin biranen da haya ta fi cin albashi. Saboda haka wanda ƙididdiga ba ta kira shi matalauci ba, yana iya kasancewa wata bai kai ƙarshe ba aljihunsa ya riga ya ƙare.

Akwai abin lura game da "baƙi gaba ɗaya" ɗin nan da ake gwada su da shi. Ba wata al'umma ba ce, lissafi ne da ya gauraya mutane masu nisa da juna. A gefe ɗaya akwai 'yan Indiya, waɗanda da yawansu suka shigo da bizar ƙwararru, kuɗin gidajensu ya ninka na 'yan Haiti fiye da sau biyu. A ɗaya gefen akwai ma'aikata daga Meziko da Amurka ta Tsakiya, waɗanda da yawansu ba su gama sakandare ba. 'Yan Haiti suna tsakiya. Kusan huɗu cikin biyar na manyansu sun gama sakandare, abin da ya fi na baƙi gaba ɗaya, amma masu digiri kashi 19 ne kawai, alhali a wajen baƙi kashi 32 ne. Baƙin da suka fito daga Najeriya, don a ga nisan, sama da kashi 60 nasu masu digiri ne. Idan kuma aka gwada 'yan Haiti da maƙwabtansu na Jamhuriyar Dominika, waɗanda ƙasarsu ta fi Haiti arziki nesa ba kusa ba, 'yan Haiti ne ke gaba a kuɗin shiga, talauci kuma ya fi sauƙi a cikinsu. Ke nan talaucin ƙasar da mutum ya baro ba shi ne ke yanke masa matsayi a ƙasar da ya sauka ba.

Irin aikin da suke yi

A nan yawancin giɓin yake. 'Yan Haiti sun fi sauran baƙi taruwa a ayyukan hidima, sun kuma yi ƙaranci a ayyukan shugabanci da kasuwanci da kimiyya. Fannin lafiya shi ne kan gaba: a 2021 sama da 100,000 ne ke aiki a cikinsa. Akwai likitoci da manyan nas-nas, amma mafi yawa mataimaka ne, su ne masu yi wa tsofaffi wanka, su ba su abinci, su juya marar lafiya a kan gado, a asibiti ko gidan kula da tsofaffi ko a gidan mutum. A 2023 matsakaicin albashin mai taimaka wa nas bai kai dala 40,000 a shekara ba, na cikakkiyar nas kuma ya haura 80,000. Ɗaki ɗaya suke shiga, marar lafiya ɗaya suke dubawa, takardar shaida ce ta raba su.

Bayan lafiya sai otal-otal da gidajen abinci a Florida, tuƙin tasi da motocin haya a New York, ɗakunan ajiyar kaya, masana'antun sarrafa kaji da nama, da gonakin tumatir na Immokalee da na rake a Belle Glade, duka a Florida.

Abubuwa da dama ne suka tura su can. Harshe na ciki: ɗan Jamaika yana sauka da Turanci, mai jin Sifaniyanci yana iya rayuwa da aiki a Miami ba tare da Turanci ba, amma Kiriyol na Haiti da Faransanci ba su buɗe ƙofar aiki sai a cikin unguwa. Takardun karatu na gida ma ba kasafai ake karɓarsu yadda suke ba, shi ya sa ake samun wanda ya yi koyarwa ko aikin lauya a Port-au-Prince, babban birnin Haiti, yana gadi ko tuƙi. Hanyar shigowa ita ma tana da nata tasirin. Mafi rinjayen 'yan Haiti suna samun katin zama na dindindin ne ta hanyar dangi, kaɗan ne ƙwarai ta hanyar kamfanin da ya ɗauke su aiki, kuma Haiti, kamar Najeriya, ba ta cikin ƙasashen da ke shiga cacar biza. Ga kuma wariyar launin fata da baƙar fata ke fuskanta wajen neman aiki da gida da rance.

Wani abin da suka yi zarra a kai shi ne zama 'yan ƙasa. A 2018 kimanin kashi 61 nasu sun riga sun samu shaidar zama Ba'amurke, baƙi gaba ɗaya kuwa kashi 51. 'Ya'yansu da aka haifa a can sukan yi wa iyayen nisa a karatu. Daga cikinsu aka samu Mia Love, wadda ta shiga majalisar wakilai a 2015, da Reggie Fils-Aimé da ya shugabanci reshen kamfanin Nintendo na Amurka.

Nauyin gida

Kuɗin shiga ba ya nuna abin da ke saura a hannu. A 'yan shekarun nan 'yan Haiti na waje suna aika kusan dala biliyan 4 gida duk shekara, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasar, kuma mafi yawa daga Amurka yake fitowa. Da shi ake biyan kuɗin makaranta, domin yawancin makarantun Haiti masu zaman kansu ne, da shi ake sayen shinkafa da magani, da shi ake binne mamaci. Tsohon shugaban Haiti Jean-Bertrand Aristide ya riƙa kiran mazauna waje "jiha ta goma", a lokacin da ƙasar ke da jihohi tara. Duk dalar da ta tafi Cap-Haïtien ko Jacmel, dala ce da ba ta shiga asusun sayen gida a Miami ba, kuma ƙididdigar kuɗin shiga ba ta cire ta.

Don tara jari, da yawa suna komawa ga abin da suke kira sòl. Adashi ne sak: kowa ya zuba daidai, a kwashe a bai wa mutum ɗaya, a zagaya. Da shi ake biyan kuɗin kama haya, ko sayen mota, ko buɗe ɗan gidan abinci. Coci-coci da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya su ma suna taimaka wa sabon zuwa da masauki da labarin aiki.

Takardu na wucin gadi

Bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010, Amurka ta bai wa 'yan Haiti izinin zama na wucin gadi da ake kira TPS, wanda ke ba da damar aiki amma ba ya kai mutum ga zama na dindindin, kuma sai an riƙa sabunta shi. Wasu dubbai sun tafi Birazil da Chile, da al'amura suka tsananta can suka biyo ƙasa zuwa iyakar Amurka, har kimanin 15,000, yawancinsu 'yan Haiti, suka taru ƙarƙashin gadar Del Rio a Texas a Satumbar 2021, wata biyu bayan kisan Shugaba Jovenel Moïse na Haiti. Da 'yan daba suka mamaye yawancin Port-au-Prince, gwamnatin Biden ta buɗe wani shiri a Janairun 2023 da ya riƙa bai wa wanda ke da mai ɗaukar nauyinsa a Amurka izinin shekara biyu. 'Yan Haiti suna kiransa "Pwogram Biden", kuma sama da 200,000 ne suka shigo ta cikinsa.

Sababbin zuwan nan sun bazu zuwa garuruwan da a da ba a san 'yan Haiti ba, inda masana'antu ke neman hannu kuma haya ke da sauƙi. Springfield ta jihar Ohio ita ce ta fi shahara, saboda ƙaryar da aka yaɗa a kansu lokacin yaƙin neman zaɓen 2024 cewa suna cin dabbobin gidan mutane, abin da hukumomin garin suka ƙaryata.

Alƙaluman 2018 da na 2022 ba su ƙunshi yawancin waɗannan mutane ba, don haka hoton da suke bayarwa na al'ummar da ta daɗe ne. Wanda izininsa ke ƙarewa bayan wata 18 ko shekara biyu yana da wuya ya shiga makarantar jinya ta shekara huɗu ko ya ci bashin gida na shekara 30. A 2025 gwamnatin Trump ta soke shirin na Biden, Kotun Ƙoli ta ba ta damar ci gaba da sokewar a ƙarshen watan Mayu, ta kuma ɗauki matakin kawo ƙarshen TPS na Haiti, lamarin da ya kai gaban kotuna. A lokacin, izinin aikin dubban ɗaruruwan mutane ne ya rataya a kan waɗannan shari'o'i, cikinsu har da masu kula da tsofaffi a Florida da Massachusetts.