Me ake nufi da "haɗa dokumenteshan" a wurin masu rubuta manhaja?

Duk wanda ya ɗan zauna cikin masu rubuta manhaja zai ji ana cewa, "A haɗa dokumenteshan kafin a saki sabon zubi." Baƙo a harkar zai ɗauka wani ne zai ja kujera ya rubuta littafi. A mafi yawan lokuta abin da ake nufi shi ne a danna maɓalli guda ko a buga umarni guda, wata ƙaramar manhaja ta bi rubutun kod ɗin (wato jerin umarnan da aka rubuta wa kwamfuta) daga farko har ƙarshe, ta tsamo bayanan da ke cikinsa, ta jera su a shafuka masu kyawun karatu.

Dokumenteshan dai shi ne duk wani bayani a rubuce game da manhaja: abin da take yi, yadda ake girka ta, yadda sassanta ke magana da juna. Kala-kala ne. Akwai jagorar mai amfani, wadda ake rubuta wa wanda bai san kod ba kuma ba ya buƙatar ya sani. Akwai bayanin tsarin ginin gaba ɗaya. Sai kuma wanda ya shafe mu a nan, wato kundin da ke lissafa kowane sashe na kod ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunansa, abin da ake ba shi, da abin da yake mayarwa. Wannan na ƙarshe shi ne na'ura ta fi iya haɗawa, domin rabin abin da ake buƙata yana nan a cikin kod ɗin tun asali.

Ga yadda abin yake idan an matso kusa. A Java, ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhaja, mai rubutu kan sa sharhi na musamman a saman kowane aiki, wato guntun kod mai suna da ke yin abu guda. Sharhi a nan na nufin layukan da kwamfuta ke tsallakewa yayin gudanar da manhajar, an rubuta su ne don idon mutum. Na yau da kullum yana farawa da /* ne, amma idan aka ƙara tauraro ɗaya ya zama /** to an sanar da Javadoc, manhajar da ke haɗa kundin Java, cewa wannan nata ne. A ce akwai aikin da ke ƙirga kwanaki tsakanin ranaku biyu:

/**
 * Yana ƙirga kwanakin da ke tsakanin ranaku biyu.
 * @param farko ranar da za a fara ƙirga daga gare ta
 * @param karshe ranar da za a tsaya, ita ba ta shiga cikin ƙirgar
 * @return adadin kwanakin
 */

Javadoc za ta ɗauki jimlar farko ta mai da ita taƙaitaccen bayani a jerin ayyuka. Duk inda ta ga @param sai ta san ana bayanin abin da ake miƙa wa aikin ne, @return kuma abin da yake mayarwa. Akwai @throws na kurakuran da aikin zai iya jefowa, da @deprecated na sanar da cewa an daina yayin wannan aikin, a nemi sabon. Sunan aikin kuwa da nau'in bayanan da yake karɓa, ba sai an rubuta mata ba, daga kod ɗin kansa take karanto su. A ƙarshe sai ta fitar da shafukan HTML, irin na yanar gizo, da ke haɗe da juna, ka danna sunan wani sashe ya kai ka shafinsa.

Ku dubi layi na huɗu a misalin nan, inda aka ce ranar ƙarshe ba ta shiga cikin ƙirgar. A ganina nan ne duk darajar sharhin take. Wanda ya ga sunan aikin ya riga ya san kwanaki yake ƙirgawa. Abin da ba zai iya sani ba sai ya buɗe cikin kod ɗin shi ne ko daga Litinin zuwa Laraba kwana biyu ne ko uku a wurin wannan aikin. Rabin jimla ta cece shi daga kuskuren da zai iya cinye masa yini.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun farkon shekarun 1980 Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya ƙirƙiro wani tsari da ya kira WEB, inda ake rubuta bayani da kod a fayil guda, sai wata manhaja ta tsamo kod ɗin don kwamfuta, wata kuma ta fitar da takarda don mai karatu. Da shi ya sake rubuta TeX, manhajarsa ta tsara rubutu don bugawa. Tsarin nasa bai yaɗu sosai ba, amma tunanin cewa bayani ya zauna kusa da kod ya kama ƙasa. Javadoc ta zo tare da Java daga kamfanin Sun Microsystems a tsakiyar shekarun 1990. A 1997 Dimitri van Heesch ya fitar da Doxygen, wadda masu yarukan C da C++ suka runguma, kuma tana iya fitar da kundin a tsare-tsaren fayil irin su HTML da LaTeX da RTF, har da zanen yadda sassa ke dogara da juna idan an haɗa ta da manhajar zane ta Graphviz. A 2008 Georg Brandl ya samar da Sphinx don kundin yaren Python. Yau kusan kowane yare yana da tasa: JSDoc ga JavaScript, rustdoc ga Rust, C# kuma yana da sharhinsa mai farawa da ///.

Shi kuwa "muhallin aiki" da ake yawan haɗa maganar da shi, shi ne babbar manhajar da mai rubutu ke yini a cikinta, inda yake rubutu da gwaji da gyara a wuri ɗaya, irin su Eclipse da IntelliJ IDEA da Visual Studio. A Eclipse da IntelliJ akwai zaɓin haɗa Javadoc a jerin umarnan da ke sama: ka zaɓi sassan da kake so, ka nuna inda za a ajiye, shi ke nan. Akwai tambaya ɗaya da ta cancanci a tsaya a kanta, wato ko kundin zai ƙunshi sassan da aka buɗe wa kowa ne kawai, ko har da na cikin gida. Idan na waje za a ba, na fili sun isa, domin duk abin da ka nuna wa mutane za su dogara da shi, gobe kuma ba za ka iya canza shi cikin sauƙi ba. Idan na abokan aiki ne, a haɗa duka. Wani amfanin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ko ba a haɗa kundin ba, muhallin kan nuna wannan sharhin a ɗan akwati da zarar ka ɗora alamar linzami a kan sunan aikin. Da yawa daga masu rubutu ta nan suke karanta bayanin, ba sa ma buɗe shafukan.

Inda nake so mai karatu ya yi hattara shi ne kalmar "haɗawa" ɗin kanta. Na'urar tana tattarawa ne tana jerawa. Ba ta san ko abin da ta tattaro gaskiya ne ba. Idan babu sharhi ko ɗaya, Javadoc za ta fitar da shafuka duk da haka, cike da sunaye babu bayani, mai kallo daga nesa ya ce an yi aiki. Idan kuma sharhin ƙarya ne, za ta buga shi da kyakkyawan tsari kamar kowane.

Na taɓa ɗanɗana wannan. A wata manhaja da na gada, kundin ya ce wani aiki yana karɓar lokacin jira a daƙiƙa. Na ba shi 30, ina nufin rabin minti. Sai haɗin ya riƙa yankewa nan take, ni kuwa ina ta zargin hanyar sadarwa. Sai da na buɗe kod ɗin na ga ashe an daɗe da mai da ma'aunin zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wanda ya yi gyaran bai taɓa sharhin da ke layi uku a samansa ba. An ci gaba da haɗa kundin a kowane zubi, yana fitowa sabo fil, da tsohuwar magana a cikinsa. Da babu bayanin sam, da tun farko kod ɗin zan duba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma a ranar nan bayanin da na yarda da shi ne ya ɓatar da ni.

Shi ya sa nake jinjina wa yarukan da suka nemi maganin wannan. A Rust, idan ka sa misalin kod a cikin sharhin bayani, umarnin cargo test zai gudanar da misalin a matsayin gwaji. Ranar da kod ya canza misalin ya daina aiki, gwajin zai faɗi, dole wani ya waiwayi sharhin. Python ma tana da doctest mai irin wannan aikin. Ba kowace ƙarya suke kamawa ba, domin jimlar da mutum ya rubuta da yaren mutane babu mai gwada ta, amma aƙalla misalin ba zai ruɓe a ɓoye ba. Doxygen da Javadoc kuma suna iya yin gargaɗi idan an bar wani aiki babu bayani, ko aka ambaci @param da sunan da babu shi. Ƙungiyoyi da dama kan sa haɗa kundin cikin jerin binciken da ke gudana da kansa duk lokacin da aka shigar da gyara, har a hana gyaran wucewa idan gargaɗi ya fito.

Masu Sphinx su kula da abu guda. Sashenta na autodoc yana shigo da fayil ɗin Python ne don ya karanta bayanansa, saboda haka duk kod ɗin da ke gudana a lokacin shigowa zai gudana. Idan fayil ɗin yana neman haɗi da rumbun bayanai tun daga layin farko, haɗa kundin ma zai nema.

Akwai kuma abin da kundin nan bai cika ɗauka ba, wato dalili. Zai gaya maka aikin yana sake gwadawa sau uku, amma me ya sa uku, me aka gwada a baya ya ƙi, daga ina sabon shiga zai fara karantawa, waɗannan sai mutum ya zauna ya rubuta da hannunsa. Sphinx da Doxygen duk sun ba da damar a rubuta irin waɗannan shafukan daban, a haɗa su da wanda aka tsamo daga kod su fito a kundi ɗaya.