Ƙaramar Hukumar Badagry

Badagry ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar Legas da tsarin mulkin Najeriya ya san da zamansu, kuma ita ce ta ƙarshe ta ɓangaren yamma, daga ita sai ka faɗa Jamhuriyar Benin. Hedikwatarta tana Ajara. Faɗinta ya kai wajen murabba'in kilomita 440, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum kimanin 240,000, duk da dai gwamnatin Legas tun a lokacin ta ce sam ba ta yarda da lissafin da aka yi wa jihar ba. Yawancin 'yan asalin wurin Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun, suna kiran garin nasu Gbagle, sai kuma Yarabawan Awori a garuruwan gefe, sai baƙi 'yan kasuwa har da Hausawa da suka daɗe a can musamman wajajen boda.

Yanayin ƙasa

Wurin shimfiɗaɗɗe ne, yashi da fadama da ruwa. Ta kudu akwai tekun Atlantika, ta gabas ƙaramar hukumar Ojo, ta arewa jihar Ogun, ta yamma kuma Seme, garin kan iyaka da Benin. Abin da mutum ya kamata ya gane shi ne garin Badagry kansa ba a bakin teku yake kai tsaye ba, yana bakin wani dogon ruwa ne da ya miƙe a gefen tekun, tsakaninsu akwai siririn tudun yashi cike da bishiyoyin kwakwa, a nan tsibirin Gberefu yake. Wannan ruwan shi ne sirrin garin gaba ɗaya, don da kwalekwale kawai kana iya zuwa Legas ta gabas ko Porto-Novo ta ƙasar Benin ta yamma ba tare da ka yi karo da igiyar teku ba, ga kuma kogin Yewa da ke gangarowa daga arewa yana zubowa cikinsa. Damina kashi biyu ce, mai ƙarfin tana kaiwa ƙololuwa a watan Yuni, ruwa ya ɗan ɗauke a Agusta, sannan ya dawo wajen Satumba da Oktoba.

Tarihi

Labarin baka na mutanen garin yana kai kafuwarsa har ƙarni na 15, amma dai lokacin da ya fito fili a takardun Turawa shi ne bayan Agaja, sarkin Dahomey, wata tsohuwar daula a ƙasar Benin ta yau, ya ci masarautar Allada a 1724 ya kuma ci ta Ouidah a 1727, mutane suka watse suna neman mafaka ta gabas. Wajen 1736 wani ɗan kasuwar Holan mai suna Hertogh, wanda mutanen garin ke kira Huntokonu, ya gudo daga hannun Dahomey ya kafa wurin cinikinsa a nan, ba a jima ba aka kashe shi, amma kasuwar da ya buɗe ta ci gaba. Kasuwar kuwa ta bayi ce. Daular Oyo tana turo bayi daga can ciki, a tsallakar da su ruwa zuwa Gberefu, su yi tafiyar ƙafa a cikin yashi har inda jiragen ruwa ke jira. A 1784 rundunar Dahomey da ƙawayenta suka ragargaza garin, daga baya ya sake farfaɗowa sai dai Legas ta riga ta fara ƙwace masa kasuwa.

Wannan ba labarin nesa ba ne ga Bahaushe. A farkon ƙarni na 19 yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙasar Hausa da Nupe da Oyo sun sa an gangaro da Hausawa masu yawa aka sayar ta tashoshin wannan gaɓar, da yawansu suka ƙare a Bahia ta ƙasar Barazil, inda har suka ƙulla shirin bore a 1807. Haka kuma daga Badagry Baturen nan Clapperton ya kama hanya a Disamban 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tafintansa kuwa wani Bagobiri ne Abubakar da Turawa ke kira Pasko, wanda shi ma bauta ce ta fitar da shi daga gida tun farko. Clapperton ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1827, yaronsa Richard Lander ya dawo Badagry, aka zarge shi da leƙen asiri aka ba shi guba ya sha don a gwada gaskiyarsa, Allah ya yi da sauran kwanansa. A 1830 ma ta nan ya sake shigowa shi da ƙanensa suka bi ta Busa da Yawuri suka gano inda kogin Neja ke faɗawa teku.

Garin ya kuma zama maɓoyar sarakunan Legas da aka tumɓuke, Adele ya zauna a nan, Akitoye ma haka bayan Kosoko ya kore shi a 1845, rigimar Akitoye da Kosoko ce ta jawo yaƙin basasa a cikin Badagry a 1851 har aka ƙone babban ɓangaren gari. A tsakanin nan ne 'yan mishan suka iso. Thomas Birch Freeman na cocin Methodist ya sauka a Satumban 1842 ya yi wa'azi a gindin wata bishiya da ake kira Agia, guguwa ta kayar da ita a 1959, yanzu ginin tunawa ne a wurin. A 1845 'yan mishan na cocin Anglican da ake kira CMS suka kammala gidan bene da ake tallatawa a matsayin bene na farko a Najeriya, to amma wannan magana da gyara, duk wanda ya san sorayen ƙasa na Kano da Katsina zai ce a dai ƙara da cewa na farko irin ginin Turawa. An sa hannu a yarjejeniyar hana cinikin bayi da Ingila a 1852, a 1863 kuma sarakunan garin suka miƙa shi ga Turawa aka haɗe shi da mulkin mallaka na Legas. Ofishin Di'o na wancan zamani shi ne gidan tarihin garin a yau, akwai kuma gidan Seriki Williams Abass mai ɗakuna 40 da aka riƙa tsare bayi a ciki, mutumin da shi kansa an taɓa bautar da shi, daga baya ya zama attajiri kuma Sarkin Musulmin garin, ya rasu a 1919.

Mulki

Tun asali Badagry ba gari ne na sarki ɗaya mai wuƙa da nama ba. Unguwanni takwas ne, Jegba da Ahovikoh da Boekoh da Posukoh da Awhanjigoh da Asago da Ganho da Wharakoh, kowace da basarakenta, kowace kuma a da da irin Turawan da take hulɗa da su, shi ya sa rikici bai cika ƙarewa ba. Akran daga Jegba yake fitowa, shi ne babba a cikinsu, amma irin su Wawu da Mobee da Possu ba 'yan amshin shata ba ne. An naɗa De Wheno Aholu Menu-Toyi na Ɗaya a matsayin Akran a 1977.

A ɓangaren gwamnati, bayan an ƙirƙiro jihar Legas ranar 27 ga Mayu 1967 Badagry ta zama ɗaya daga manyan yankunanta biyar tare da Ikeja da Ikorodu da Legas da Epe, sai gyaran 1976 ya kawo tsarin ƙananan hukumomi irin wanda muka sani, a 1989 aka yanke Ojo daga jikinta. A 2003 gwamna Bola Tinubu ya ƙara ƙananan hukumomi 37, Obasanjo ya ce bai san zancen ba ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas, aka je Kotun Ƙoli, ƙarshe dai sababbin suka koma yankunan raya ƙasa da ake ce wa LCDA. A haka Badagry ta rabu uku, ita kanta da Badagry ta Yamma da Olorunda, kowace da ciyaman ɗinta da kansilolinta da hukumar zaɓen jiha LASIEC ke shirya zaɓensu, amma a takardar Abuja har gobe guda ɗaya ce. Tana da ɗan majalisar wakilai ɗaya, biyu a majalisar jiha, a majalisar dattawa kuma tana ƙarƙashin Legas ta Yamma.

Sai dai gaskiya abin da ya fi taɓa rayuwar mutanen wurin ba a sakatariyar Ajara ake yanke shi ba. Boda ta gwamnatin tarayya ce, kwastan da imigireshin da 'yan sanda da soja duk suna kan hanyar Seme, shinge bayan shinge, kuma lokacin da Buhari ya rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ciyaman ba shi da ta cewa, alhali a 2018 ne Buharin da shugaba Talon na Benin suka buɗe sabon ofishin haɗin gwiwa na Seme-Krake.

Tattalin arziki

Kamun kifi da noman kwakwa da saƙar tabarma da rogo su ne sana'o'in gado, babbar kasuwar gari ita ce Agbalata. Cinikin tsallaken iyaka, na halak da na fasa-ƙwauri, shinkafa ta shigo fetur ya fita, shi ke riƙe da gidaje da dama. Akwai kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON a Topo da cibiyar koyon Faransanci ta tarayya a Ajara, a cikin teku kuma rijiyar mai ta Aje ta fara aiki a 2016. Titin Legas zuwa Badagry da gwamna Fashola ya fara faɗaɗawa a 2009 ya ci shekaru yana wahalar da matafiya, a Oktoban 2024 kuma aka ƙaddamar da aikin babban titi mai tsawon kilomita 1,068 wanda zai tashi daga Illela a jihar Sakkwato ya bi ta Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun ya dire a Badagry.