Punjab ta Indiya: Ƙaura da Shaye-shaye a Ƙasar Sikh

Punjab jiha ce a arewa maso yammacin Indiya, kuma ita ce cibiyar addinin Sikh, wanda Guru Nanak, haifaffen 1469, ya assasa. Ƙidayar 2011 ta nuna tana da mutum miliyan 27.7, kusan kashi 58 cikin ɗari mabiya wannan addini ne, babban wurin ibadarsu kuma yana birnin Amritsar. Iyakarta da Pakistan ta kai kilomita 553, tun rabuwar 1947 da ta tsaga tsohuwar Punjab gida biyu. Abubuwa biyu ne suka fi ci wa jihar tuwo a ƙwarya tun farkon shekarun 2000: shaye-shayen miyagun ƙwayoyi, da ficewar matasa zuwa ƙasashen waje. Duka biyun sun samo tushe ne daga noman da ya kai iyakarsa ba tare da an samu wata sana'ar da ta gaje shi ba.

Gona da bashi

Daga tsakiyar shekarun 1960 aka shigo da ingantaccen irin alkama da na shinkafa, da takin zamani, da rijiyoyin burtsatse. Gwamnatin tarayya tana sayen amfanin a kan farashin da ta yanke, Jami'ar Aikin Gona ta Ludhiana kuma tana samar da iri. Ba a jima ba Punjab ta zama rumbun Indiya, har a shekarun 1980 ta kasance kan gaba cikin manyan jihohi wajen matsakaicin kuɗin shigar kowane mutum.

Shinkafa kuwa ba abincin gargajiyar yankin ba ce, ga ta da shan ruwa. A 1997 aka fara bai wa manoma lantarki kyauta, rijiyoyin burtsatse suka haura miliyan ɗaya, ruwan da ake zuƙowa ya zarce wanda damina ke mayarwa. Duk lokacin da ruwa ya yi ƙasa sai an ƙara zurfin rijiya a sayi injin da ya fi ƙarfi. Kuɗin kuwa yawanci daga wurin arhtiya ake karɓowa, wato dillalin hatsi da ke ba da bashi da ruwa ya cire haƙƙinsa lokacin kaka. Rabon gado ya ragargaje gonaki. Ga kuma rikicin 'yan aware na shekarun 1980 zuwa farkon 1990, wanda ya haɗa da farmakin soja a wurin ibadar Amritsar a Yunin 1984, ya kori masu zuba jari. Saurayin da ya gama makaranta sai ya tarar gona ba ta buƙatarsa, domin inji da 'yan ci-rani daga Bihar da Uttar Pradesh sun ɗauke aikin, masana'antun da za su ɗauke shi kuma kaɗan ne.

Chitta

Dokokin addinin Sikh sun haramta taba da kayan maye, amma ofiyom da ɓawon tsironsa, wanda ake kira bhukki, sun daɗe a ƙauyuka, leburori kan sha don jure aikin girbi. Abin da ya sauya al'amarin shi ne chitta, kalmar da ke nufin "fari" a harshen Punjabi: garin heroyin ne da ake gaurayawa da wasu sinadarai. Binciken da masana na asibitin AIIMS na Delhi suka yi hannu a ciki a 2015 ya kiyasta mutum kusan 230,000 a jihar da ba sa iya zama sai da ƙwayoyin dangin ofiyom, akasarinsu maza matasa.

Mafarin kayan Afganistan ne, ta cikin Pakistan. Da can ana zura ƙunshi a cikin bututun roba ta tsakanin wayar shinge, ko a wurgo shi cikin gonakin da ke bakin iyaka, ko a sako shi ta kogin Ravi da na Sutlej. A Yunin 2019 jami'an kwastan suka kama kilo 532 na heroyin a mashigar Attari, an ɓoye shi cikin buhunan gishiri. Yanzu ƙananan jirage marasa matuƙa ne ke yin dakon: su tsallako da dare, su saki ƙunshin da aka naɗe da salatif mai ruwan ɗorawa, su koma. A Oktoban 2021 aka faɗaɗa hurumin dakarun tsaron iyaka daga kilomita 15 zuwa 50 cikin jihar. Da ɗan gari dai kan ci gari: a 2013 aka kama Jagdish Bhola, tsohon ɗan kokawa kuma tsohon jami'in 'yan sanda, bisa safarar ƙwayoyi. Akwai kuma magungunan kanti irin su taramol, wanda Indiya ta sa cikin jerin ƙwayoyin da ake sa wa ido a 2018, bayan ya riga ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma.

Mai shan chitta yakan fara ne da ƙona garin a kan takardar gwangwani yana zuƙar hayaƙin. Idan jiki ya saba, kuɗi ya gaza, sai ya koma allura, domin kaɗan ke isarsa. Daga nan ne ake karɓa-karɓar sirinji, ciwon hanta nau'in C da cuta mai karya garkuwar jiki su bazu. A 2016 jihar ta fara ba da maganin ciwon hantar kyauta. Unguwar Maqboolpura da ke Amritsar har laƙabin unguwar zawarawa aka yi mata saboda yawan mazan da shaye-shaye ya kashe.

A 2017 gwamnatin jihar ƙarƙashin Amarinder Singh, wanda ya yi rantsuwa a kan littafi mai tsarki cewa zai karya lagon ƙwaya cikin mako huɗu, ta buɗe asibitocin sha-ka-tafi da ake ba da ƙwayar bufrenofin haɗe da naloson. A ƙarƙashin harshe ake sa ta. Ta farko tana kwantar da ƙishirwar maye, ta biyu kuma an haɗa ta ne don hana a narkar da ƙwayar a yi allura da ita. Maganin yana aiki, matsalar tana wajen tafiyar da shi: ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara, da karkatar da ƙwayar zuwa kasuwar bayan fage. Gidajen gyaran hali marasa lasisi da ke kulle yara suna dukansu sun fi haɗari, domin wanda aka raba da ƙwaya da ƙarfi juriyar jikinsa na raguwa, ranar da ya koma ya sha ma'aunin da ya saba numfashinsa na iya tsayawa. A Maris 2025 gwamnatin jihar ƙarƙashin Bhagwant Mann ta ƙaddamar da sabon yaƙi da ƙwaya, har da rushe gidajen waɗanda ake zargi da dillanci.

Hanyar waje

Fita waje tsohuwar al'ada ce, musamman a yankin Doaba, wato Jalandhar da Hoshiarpur da Kapurthala. A 1914 Kanada ta hana akasarin fasinjoji 376 na jirgin ruwan Komagata Maru sauka a Bankuba. Yau Sikh na Kanada sun kai kusan 770,000 bisa ƙidayar 2021, ga wasu a unguwar Southall a Landan, ga masu kiwon shanun madara a arewacin Italiya. A ƙauyukan Doaba ana gina tankin ruwa mai siffar jirgin sama a kan soro, a wani wurin ibada da ke Talhan kuma masu neman biza sun yi suna wajen kai jiragen wasan yara a matsayin sadaka.

Iyaye da yawa suna sayar da gona ko su jinginar da ita don fitar da ɗa, wasu ma da niyyar raba shi da abokan chitta. Hanyar da ta fi shahara ita ce bizar karatu: a ci jarrabawar Turanci ta IELTS, a samu gurbi a wata kwalejin Kanada, a yi aiki, a nemi takardar zama. Har aure ake ƙullawa a kan haka, dangin ango su biya wa amaryar da ta ci jarrabawa kuɗin makaranta don ta ja mijin daga baya. A 2024 Kanada ta ƙayyade yawan bizar karatu, ta kuma ɗaga kuɗin ajiyar da ake nema daga dalarta 10,000 zuwa 20,635.

Wanda ya rasa wannan sai ya bi hanyar dunki, wato ɓarauniyar hanyar shiga Amurka: jirgi zuwa Kudancin Amurka, tafiyar ƙasa ta dajin Dariyen tsakanin Kolombiya da Panama, sannan Meziko. Dillalai kan karɓi rupi miliyan 4 zuwa 5, duk da dokar 2012 da ta wajabta musu lasisi. Ranar 5 ga Fabrairu 2025 jirgin sojan Amurka ya sauka a Amritsar da Indiyawa 104 da aka koro, da ankwa a hannuwansu, da dama daga cikinsu kuma bashin tafiyar na jiransu a gida. A ƙauyukan da aka fi fita, manyan gidajen da kuɗin waje ya gina suna kulle, ko kuwa tsofaffi biyu ne a ciki, gonar kuma an ba da ita haya.