Ruwan ƙarƙashin hamada fa ba kogi ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka wai akwai wani kogi da ke gudana a ƙarƙashin hamada, ka haƙa bohol mai zurfi shikenan an gama. Ina! Yawanci tsohon ruwa ne da ya kwanta cikin yashi da duwatsu shekaru dubbai da suka wuce lokacin ana damina sosai, sabon ruwan da ke shiga ƙasan yanzu kuwa bai taka kara ya karya ba. Saudiyya ta yi ta zuƙo shi tana noman alkama, sai a 2008 gwamnati ta fara janye hannunta daga noman. Ita kanta Riyad, kaso mai tsoka na ruwan shanta daga teku ake tacewa a Jubail, wani gari da ke bakin teku, a turo ta bututu sama da kilomita 400.