Waiwaye: wannan maganin lupus da ake ta magana, ba jiya aka fara shi ba

Tunda labarin yarinyar nan 'yar shekara 15 da aka yi wa maganin lupus (ciwon da garkuwar jiki ke juya wa mai ita) a Erlangen ta Jamus ya shigo gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp a nan Garwa ake ta musu, wasu na cewa an samo maganin lupus kawai a haɗa kuɗi a fita da yara, wasu kuma sun ce gwaji ne ake yi da 'ya'yan mutane. Ni 'yar ƙanwata na fama da ciwon, kumatu sun yi tabo, ƙafa ta kumbura takalmin makaranta ba ya shiga, sau uku ana ba ta maganin zazzaɓin sauro kafin a gano, shi ya sa na bi abin daga tushe.

Maganin, CAR-T, na kansar jini ne asali. Ana ɗiban ƙwayoyin garkuwar jikin mutum a gyara su a mayar masa, su farauci ƙwayoyin B, wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki. A 2012 aka yi wa wata yarinya mai kansar jini, Emily Whitehead, a Filadelfiya ta Amurka, 2017 Amurka ta amince da shi, kuɗinsa a lokacin dala 475,000, sama da sefa miliyan 250 kenan.

Amma inda ba a cika waiwaya ba shi ne 2010. A lupus ƙwayoyin B ɗin nan ne ke sa jiki ya juya kan kansa, ya ci ƙoda da gaɓoɓi, to sai aka gwada rituximab, ruwan allura mai kashe su, a kan mutum 257, kuma bai nuna ya fi maganin da aka saba ba. A 2012 aka sake da masu ciwon ƙoda, haka dai. Ba ƙaramin karya gwiwa ba ne wlh. Sai a hankali aka fahimci cewa allurar na share na cikin jini ne amma waɗanda suka laɓe a kaluluwa da cikin tsoka suna nan daram, su suke sake tada wutar. CAR-T kuwa ƙwaya ce mai rai, tana bin su har maɓoyarsu, bayan wata uku zuwa huɗu sababbin ƙwayoyin B su fito ba su ɗauke da tsohuwar gabar. Faɗuwar 2010 ita ta nuna inda za a nufa.

Daga nan ne aka yi wa wata 'yar shekara 20 mai lupus CAR-T a 2021, sai yarinyar can a 2023 wadda har ta bar wankin ƙoda. Har yanzu gwaji ne fa, sai an fara da kemo, kuma a 2024 an sa gargaɗin haɗarin kamuwa da cutar kansa a kan irin waɗannan magunguna.

Tamu kam yanzu hydroxychloroquine take sha, duk wata ana auna fitsarinta, kumburin ya fara saɓewa, Alhamdulillah.