Mene ne "fitar da kaya" a bakin duwan?

A kasuwar Galmi, duk wanda ya loda albasa a kamiyo cewa yake yi zai fitar da kaya. A wajen duwan kuwa kalmar tana da iyaka. Eksportasiyo, kamar yadda ake rubutawa a takardunsu, shi ne kaya ya bar ƙasar Nijar bayan an bayyana shi a ofishin duwan. Buhun da ya tashi daga Tawa zuwa Yamai bai fita ba, komai nisan hanya. Wanda ya tsallaka daga Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya ya fita, ko da tafiyar ba ta kai awa guda ba.

Inda 'yan kasuwa suka fi ruɗewa shi ne tsakanin abubuwa uku. Albasa, shanu da fatu na gida, fitar da su eksportasiyo ne. Kayan da aka shigo da su daga waje sannan aka sake sayar da su a wata ƙasa, sake fitarwa ake ce masa. Wanda ya ratsa ƙasar kawai, taranzit ne. Kowanne da takardarsa da kuɗinsa, kuma in taranzitar, wato mai cika wa ɗan kasuwa takardun duwan, ya bayyana kaya da sunan da ba na kayan ba, tara ce ke biyo baya. Kafin a gyara, albasa tana cikin kamiyo a rana tana ruɓewa, asarar da ta fi tarar ciwo.

Ana buƙatar takardar ciniki mai nuna yawa da farashi, da shaidar lafiyar tsiro ga albasa, ko ta likitan dabbobi ga bisashe. In kayan za su bar yankin UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, kamar zuwa Najeriya ko Gana, kuma darajarsu ta wuce ƙa'idar da aka yanke, dole a yi rajistar cinikin a banki, kuɗin kuma su dawo ta banki.

Ba kowane kaya ke da izinin fita ba. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake, sai zuwa Mali da Burkina Faso. Wanda ya bi da irin waɗannan ta ɓarauniyar hanya, sunan aikinsa fasa-ƙwauri, kuma kayan ana ƙwace su.